Darasi na 9: Ruwan Madara a Tufafi da Adon Ɗaki

Abin da darasin ya ƙunsa

Wannan darasi ya shafi tela da mai sayar da yadi, ya shafi mai wanki da guga da mai fenti, ya kuma shafi duk wanda ke cire kuɗin guminsa ya sayi tufa ko ya gyara ɗaki. Ana so in mun kammala kowane ɗalibi ya iya raba ruwan madara da fari fat, ya san inda launin ya samo asali, ya san launukan da ke shiga da shi, ya kuma iya wanke shi ba tare da ya lalata shi ba.

Fari ba iri ɗaya ba ne

Kwangila mahaɗa ce a Zariya. Titin Kaduna zuwa Kano ya bi ta saman gada, hanyar da ta fito daga cikin gari ta nufi Samaru da Shika da Funtuwa ta bi ta ƙasa, ga tasha, ga 'yan tireda, ga ƙura. Ranar Juma'a, ko Asabar ɗin da ɗaurin aure ya yi yawa, wurin cika yake yi da masu fararen kaya. Daga nesa sai a ce yadi ɗaya suka yanka. In aka matso kusa ido ya zauna, sai a ga farin wani yana walƙiya har yana neman komawa bula-bula, na wani kuwa a kwance yake, da ɗan ɗigon rawaya a cikinsa wanda ba ya bayyana sai an jera shi da na farkon. Wannan na biyun shi ne ruwan madara.

Shi ma hawa-hawa ne. Akwai mai haske wanda kaɗan ya rage ya zama fari, akwai matsakaici, akwai kuma wanda ya nutsa har ya kusa taɓa ruwan ƙasa. Masu zane da masu tsara tufafi sukan raba launuka gida biyu: masu ɗumi, wato waɗanda suka karkata wajen rawaya da ja, da masu sanyi, waɗanda suka karkata wajen shuɗi. Fari ma yana bin wannan rabo. Farin da aka sa wa bula mai sanyi ne, ruwan madara kuwa fari ne mai ɗumi.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ku yago farar takarda daga littafin rubutunku, ku ɗora ta a kan yadin a hasken rana. In yadin ya yi kamar ya fi takardar rawaya, to ruwan madara ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita za ta gaya muku zurfinsa.

Launin auduga tun daga gona

Mutane da yawa suna ɗaukar ruwan madara a matsayin farin da bai fita ba, ko wanda ya tsufa. Wannan fahimta a juye take. Ruwan madara ya riga fari fat zuwa jikin ɗan Adam, domin shi ne launin da auduga ke zuwa da shi. A jikin kowane silin auduga akwai wani maiƙo mai kama da kaki, da wasu sinadarai na tsiron kansa, su ne ke ba zaren wannan ɗan launi. Shi ya sa sabon akoko ba ya saurin shan ruwa. In aka ɗiga masa sai ɗigon ya tsaya a sama na ɗan lokaci.

Kakanninmu mata sukan gurje auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari suna shafa alli a yatsu don zaren ya kamu. Masaƙi ya karɓa ya saƙa siraran ƙyallaye, a harhaɗa su a ɗinka riga ko zane ko gwado. Abin da aka kai marina ya dawo shuɗi ko baƙi, abin da ba a kai ba ana ce masa fari, amma in da za a ajiye shi yau kusa da farar shadda, ruwan madara za a gani. Da wannan saƙa da rini ƙasar Hausa ta yi suna. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa a can suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus.

Fari fat aikin sinadari ne. A da ko a Turai sai an jiƙa yadi a ruwan toka, a tsoma shi a tsamin nono, a shanya shi a fili wata da watanni kafin ya yi haske. A 1774 wani masani ɗan Suwidin, Carl Scheele, ya gano sinadarin kulorin. A 1785 Claude Berthollet na Faransa ya nuna cewa yana farar da yadi, a 1799 kuma Charles Tennant ya fito da shi a matsayin gari a Sukotlan. Aikin watanni ya koma na kwanaki. Masaƙun Ingila suka samu damar fitar da farin yadi mai yawa kuma mai araha, irin su alawayyo suka cika kasuwanninmu.

Zariya na tsakiyar wannan labari. Jirgin ƙasa ya iso garin wajen 1911, ƙungiyar Turawa masu neman auduga da ake kira BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta girka injin gurza a nan. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma daga can ne irin audugar da manoma suka sani da SAMCOT ya fito. A wancan zamani audugar Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau takan hau jirgi ta tafi, ta dawo mana a matsayin yadi. Sai a 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna, kuma akoko, wato yadin da ba a farar ba, shi ne abin da ta fara da shi. An rufe ta a 2002. Yau mafi yawan ruwan madarar da ke kasuwa ba launin audugar ba ne: an farar da yadin tas, sannan aka sake rina shi da ɗan rawaya don ya yi kama da abin da auduga ke bayarwa kyauta.

Tsamiya

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan ne launin ya kai matuƙar darajarsa a ƙasarmu.

Tsamiya siliki ce ta daji. Wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen itatuwa, ciki har da tsamiya da doka, suke taruwa da yawa su saƙa wa kansu gida ɗaya babba. Ana tsinto gidajen nan a daji, a dafa su a ruwan toka har danƙon da ya haɗe su ya narke, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa su kamar yadda ake kaɗa auduga. Zaren da ke fitowa ba shi da santsi da ƙyalli irin na silikin Sin. Yana da ɗan kaushi, yana da ƙarfi ƙwarai, kuma launinsa yana tashi daga ruwan madara zuwa ruwan ƙasa mai haske. Ba ya karɓar rini da sauƙi, saboda haka galibi da launinsa ake barin sa. Yarabawa ma sun san shi, da shi suke saƙa tufar da suke kira sanyan, wadda manyansu ke sawa ranar girma.

Da wannan zare ake yi wa manyan riguna aiki. Duk wanda ya taɓa riƙe malum-malum ta gaske, ko tsohuwar riga mai aska biyu ko aska takwas, ya san nauyinta a hannu. Malami ne ke fara zana fasalin a jikin rigar, asake su sauko daga kafaɗa ta gefen aljihu, tambari ya zagaya a ƙirji da baya, dagi ya zauna a inda ya dace. Sai mai ɗinki ya zauna da allura, wata da watanni, yana cike zanen. Birnin Zazzau ya shahara da wannan aiki har yau, kuma rigunan da aka ɗinka a unguwanninsa suna jikin sarakuna da hakimai a faɗin Arewa. A ranar hawan Salla ko hawan Daushe, ku dubi rigunan manyan da ke bayan Sarki, za ku ga yadda launin ke zaune a ƙarƙashin alkyabba.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa zaren aikin da jikin rigar kusan launi ɗaya ne, bambancinsu ɗan kaɗan. To me ke sa aikin ya fito? Inuwa. Ɗinkin yana da tudu da kwari, yana da ƙananan huji-huji da aka zagaye da zare, haske na sauka a kai sai kowane tudu ya jefa 'yar inuwarsa. Haka adon da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi a ginshiƙan Masallacin Juma'a na Zazzau, zamanin Sarki Abdulkarim a shekarun 1830, ya dogara da tudu da kwarin da aka fitar a jikin ƙasa. A kan fari fat, walƙiyar yadi takan cinye wannan inuwa, musamman da tsakar rana. A kan ruwan madara ido na samun sararin bin aikin layi-layi. Masu ɗinki na da ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi sarai.

Masana sun rubuta tarihin wannan sana'a. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin bincikensa a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979. A da aikin riga na maza ne, almajirai da malamai ke yin sa a zaure. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 matan birnin Zazzau suka shige shi daga cikin gidajensu, har a shekarun 1990 aka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers wadda kayanta suka kai kasuwannin ƙasashen waje.

Abin da ke damuna, kuma ya kamata ya dame ku, shi ne zaren tsamiya na gaske yana ƙara wuyar samu. Daji yana ja da baya, masu kaɗi sun tsufa, 'yan mata ba su gaje su ba. An maye gurbinsa da zaren kanti mai irin launin, wanda ido zai iya ruɗuwa da shi amma hannu ba zai ruɗu ba. Sannan ladan da ke isa hannun wadda ta ƙare idonta a kan allura bai kai kusa da kuɗin da ake sayar da rigar ba. Wanda ke da tsohuwar rigar tsamiya ta gado a akwati, ya sani dukiya yake ajiye da ita. Kada ya ba wa mai wankin da zai tsoma ta a ruwan bilic.

Sauran duniya ma ta san darajar launin. Rigar da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ranar aurenta a 1840, wadda ake cewa ita ta yaɗa al'adar farar rigar amarya a Turai, silikinta ruwan madara ne. A Indiya kuma, saƙar hannun da Gandhi ya kira mutanensa su koma wa a shekarun 1920 don su daina dogara da yadin Ingila, yawancinta da launin audugarta ake sa ta.

Abin da ke shiga da shi

Launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa na sauya yadda ido ke ganin sa. Wani Bafaranshe, Michel Chevreul, wanda ke shugabantar sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris, shi ya bayyana wannan a littafinsa na 1839, bayan an yi ta kawo masa ƙarar cewa rininsa ya lalace alhali zaren da aka jera kusa da shi ne ya sauya masa kama.

Daga nan ne babbar ƙa'idar darasinmu ta fito: kada a jera ruwan madara mai haske da fari fat. In aka yi haka, ido ba zai ce ga launi biyu ba, cewa zai yi ga fari mai tsabta ga kuma mai dauɗa. Kaftani ruwan madara da wando fari fat kuskure ne da ake yawan gani. Haka farin zare a kan yadi ruwan madara, ko farin zif, ko fararen maɓallai, ko farin shafi a ƙarƙashin leshi mai huji. Tela mai kula yakan yanki ƙyalle ya tafi da shi wurin mai zare, ba ya saye da ka. In kuwa dole sai an haɗa launukan biyu, to a buɗe tazara sosai. Farin rawani a kan rigar tsamiya mai zurfin launi yana kyau, domin kowa ya ga da gangan aka yi.

Abokan zamansa na asali su ne 'yan gidansu masu ɗumi: ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan zuma, ruwan goro, ruwan gwal. Hula mai aikin ruwan ƙasa da takalmin fata sun ishi namiji. Shuɗin baba mai duhu, irin na marinar Ƙofar Mata ko turkuɗin Kura, yana fito da shi ƙwarai, kuma haɗi ne da ya daɗe a saƙarmu. Kore mai duhu da ja mai duhu ma suna zama da shi lafiya. Ruwan toka mai haske da ruwan azurfa kuwa sukan sa shi ya yi kamar ya koɗe. Ga mata, in atamfa tana da ƙasa ruwan madara, mayafi ya bi ɗaya daga cikin launukan zanenta masu duhu, ko ya bi ƙasar daidai. Mayafi fari fat zai kashe ta.

Ra'ayina shi ne ruwan madara ya fi fari fat yi wa baƙar fata adalci, musamman a hoto. Kyamara takan auna hasken da ya fi ƙarfi ta daidaita kanta da shi. In ango ya tsaya a rana cikin farar shadda mai walƙiya, sai rigar ta fito ba a ganin aikinta, fuskar kuma ta yi duhu. Ruwan madara na rage wannan tazara. Wannan ba rage darajar fari ba ne. Sunna ta kwaɗaitar da sa fararen tufafi da yi wa mamaci sutura da su, kuma farin Juma'a da na Idi yana nan a matsayinsa.

Karatu: a shagon yadi

Ɗalibai biyu su karanta wannan hira da ƙarfi. Wata dattijuwa ce ta shiga shagon wani saurayi a kasuwar Tudun Wada.

"Salamu alaikum. Ɗana, ana ciniki?"

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya. Ga kujera. Me za a kawo?"

"Shadda nake so ruwan madara, ta ankon maza. Ga ƙyallen da uwar ango ta aiko."

"To, Hajiya, ga wannan. Lambarsu ɗaya."

"Lamba ɗaya ba ita ce launi ɗaya ba. Ɗauko mu fita waje, wannan ƙwan naka ya cika fari."

"Gaskiyarki, Hajiya. A rana ta ɗan fi ƙyallen rawaya. Bari in ɗauko ɗaya bandir ɗin."

"Yawwa, wannan ita ce. Mutum shida ne, kowa yadi biyar. Zai isa daga bandir ɗaya?"

"Zai isa, in sha Allahu."

"To yanka duka yanzu. In na dawo jibi ka ce ya ƙare, ka ba ni wani, 'ya'yana su fita kamar ba gida ɗaya ba."

"Allah Ya sa albarka, Hajiya. Allah Ya kai mu ranar."

Hajiya ta yi abu biyu da ya kamata kowa ya riƙe. Ta fitar da yadin rana, domin hasken ƙwan lantarki na sauya launi, kuma yadi biyu da suka yi daidai a cikin shago suna iya rabuwa a waje. Ta kuma sayi abin da take bukata gaba ɗaya, domin ko a masaƙa ɗaya, rinin yau da na gobe ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari. A launi mai duhu ba a cika lura ba, a ruwan madara kuwa ɗan bambanci kaɗan a fili yake.

A bango da allo

Ba banza ba makarantu da asibitoci da gidaje da yawa suke shafa ruwan madara. Launi mai haske yana mayar da hasken rana, bango bai cika ɗaukar zafi kamar mai duhu ba. Ruwan madara na yin wannan aiki kusan kamar fari, ba tare da kashe ido ba. Ga kuma ƙurar hunturu da jar ƙasarmu: a farin bango ko mako ba a yi sai ta nuna, a ruwan madara takan saje na ɗan lokaci. Matan da ke shafe ɗaki da farar ƙasa tun da can irin wannan launi suke samu, mai laushi a ido.

Mai haɗa fenti da kansa ya zuba rawayan a cikin farin kaɗan-kaɗan yana juyawa, don in ya wuce ba ya dawowa sai da ƙarin fari mai yawa. Ya haɗa abin da zai ishi ɗakin duka a mazubi ɗaya. Ya shafa a ɗan wuri ya bari ya bushe, domin launin ɗanyen fenti daban yake da na busasshe, ya dube shi da safe da rana da kuma dare. Silin ya zauna fari, tunda a sama yake kuma kusurwa ta raba shi da bango. Ƙasan bango, inda yara ke dafawa, a yi masa fentin mai ruwan ƙasa wanda za a iya gogewa.

Ku kuma duba kwalin ƙwan lantarki kafin ku saya. In an rubuta 2700K ko 3000K, haskensa mai ɗumi ne, zai ƙara wa bangon rawaya. In an rubuta 6500K, haskensa fari ne mai sanyi, zai sa bangon ya yi fari-fari. Ɗakin kwana ya fi daɗi da na farko. Shagon tela da na mai yadi kuwa suna bukatar hasken da ya fi kusa da na rana, kuma ko da shi, hasken bakin ƙofa ya fi.

Wajen rubutu, baƙi ko shuɗi mai duhu ko ruwan makuba a kan ruwan madara yana karantuwa daga nesa, ya dace da allon shago. Amma ina roƙon masu buga katin ɗaurin aure su daina rubutun gwal a kan takarda ruwan madara. Yana da kyau a hannu, sai dai dattijon da aka kai wa ba ya iya karanta ranar ko wurin sai ya kira jikansa.

Wanki da ajiya

A nan ne aka fi yi wa launin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Mai wanki ya saba cewa aikinsa shi ne ya mayar da tufa fara ƙal, sai ya ga ruwan madara ya ɗauka dauɗa ce.

Bula ba ta wanke komai. Ɗan shuɗi take ƙarawa don ya danne rawayan da ke jikin farin yadi, ido ya ga kamar ya ƙara fari. A kan ruwan madara, rawayan da take dannewa shi ne launin da aka saya da kuɗi, sai tufar ta koma toka-toka ko kore-kore. Garin sabulu da yawa ma yana ɗauke da wani sinadari da ke maƙalewa a zare, ya karɓi wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. Yana da amfani ga fari fat, amma a hankali yakan sauya ruwan madara, kuma in aka wanke riga da shi aka bar wando, sai su rabu. Saboda haka riga da wando a wanke su tare ko da ɗaya bai yi dauɗa ba, da sabulu mai sauƙi, a ruwan da ba zafi.

Bilic mai kulorin kuwa a nisanta shi. Yakan cire rinin dabbare-dabbare, yana cin siliki da ulu, in kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana da ƙarfe a ciki, sai ya bar tabon tsatsa. Tabo a bi shi tun yana ɗanye. Goro a wanke nan take da ruwan sanyi da sabulu, don in ya kwana ya zauna. Manja a shafa masa sabulun wanke-wanke a cuɗa, sauran jan kuma rana na cinye shi. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi a cikin zaren. Turaren mai a shafa a jiki ko a cikin riga, ba a kan ƙirjinta ba. Turaren wuta ma in ya yi yawa hayaƙinsa na barin rawaya wadda ba ta bazu daidai ba.

In ba don tabon manja ba, a shanya a inuwa, a juya cikin tufar waje. A yi guga ta baya, ko a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kai, domin dutsen guga mai zafi da sitati suna saurin ƙona launi mai haske, mai gugar gawayi kuma ya kula da toka. Shadda mai tsada ta fi son bugu a wurin mabuga. Babbar riga mai aikin hannu ba a cuɗa ta da ƙarfi, ba a matse ta. Wurin da ya yi dauɗa, kamar wuya, shi ake bi a hankali. In za a ajiye ta, a tabbatar ta bushe sarai, a naɗe ta cikin tsohon zanen auduga mai tsabta. Leda na riƙe danshi, damina ɗaya ta isa ta sa mata fumfuna. Akoko da duk yadin audugar da ba a farar ba yana shiga in ya sha ruwan farko, don haka a jiƙa shi a shanya kafin a sa masa almakashi.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa audugar da ba a farar ba take da launin ruwan madara?
2. Ku bayyana da bakinku yadda ake samun zaren tsamiya, daga daji har zuwa hannun mai ɗinki.
3. Wani ya kawo wa mai wanki kaftani ruwan madara ya ce a sa masa bula don ya fita. Wace shawara za ku ba shi, kuma da wane dalili?
4. A hirar da muka karanta, yadi nawa Hajiya ta saya gaba ɗaya? In yadi 1 inci 36 ne, inci nawa ne rabon mutum ɗaya?
5. Kowa ya nemi izinin wani tela a unguwarsu ya tsinto ƙyallaye 5 masu launin fari ko ruwan madara. A aji za mu jera su daga mafi fari zuwa mafi zurfi, sau ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sau ɗaya a tsakar gida, mu rubuta ko jerin ya sauya.
6. Wanda ke da dattijuwa a gida da ta taɓa kaɗi, ya tambaye ta sunayen kayan aikin da irin zaren da take fitarwa, ya rubuto su a layi 5 don karantawa a darasi na gaba.